Tutar da Ta Raba Katsina Biyu

Wanda ya bi ta Mazanya, a kan iyakar Jibiya, zai ɗauka tutar Najeriya da ta Nijar ne suka raba Katsinawan kudu da na Maraɗi. Amma rabuwar ta girmi waɗannan tutoci da shekara fiye da ɗari, kuma wata tuta ce sanadinta.

A zamanin jihadi, tuta izini ce da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kan bayar hannu da hannu, shaidar cewa mai ɗauke da ita da yawunsa yake yaƙi. A ƙasar Katsina mutum uku suka karɓa: Ummarun Dallaje, Muhammadu Na Alhaji da Ummarun Dumyawa, wanda ya zauna a Zandam, cikin ƙasar Jibiya ta yau. Wajen 1807 Birnin Katsina ya faɗa hannunsu, sarautar ta tabbata a gidan Dallaje. Zuriyar tsohon gidan sarauta kuwa ta yi arewa, daga baya Ɗan Ƙasawa ya kafa mulki a Maraɗi. Har yau sarkin can Sarkin Katsina yake amsawa. Turawan Ingila da na Faransa layi kawai suka ja a kan tsagar da suka tarar.

Rumawan dā sun san irin wannan nauyi. Kowace runduna tana da mikiyar ƙarfe a kan sanda, kuma rasa ta abin kunya ne da ya fi rasa mayaƙa ciwo. Fartiyawa sun ƙwace tutocin rundunar Karasus a shekara ta 53 kafin haihuwar Annabi Isa. Sai bayan shekara 33 Sarki Agustus ya karɓo su ta hanyar sulhu, ya sa aka buga kuɗi don murna kamar an ci yaƙi.

Sakkwato ma ta ɗanɗani haka. Ranar 15 ga Maris, 1903, bayan rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta watse a Giginya, wasu tsirarun mutane suka ƙi barin tutarsa, suka tsaya kewaye da ita har harsashin Bature ya gama da su. Attahiru ya faɗi a Burmi a watan Yuli, tutar ta zama ganima. Sai a 1960 aka mayar da ita ga Sarkin Musulmi Abubakar na Uku.