Raguwar Masu Zaɓe a Iraƙi: Dimokuraɗiyya Aka Ƙi, ko Rabon Muƙamai?

Cewa da wuya mamayar sojan waje ta haifar da dimokuraɗiyya mai ɗorewa, magana ce da masana suka kusa gamawa (Downes da Monten, 2013). Inda gardama ta rage shi ne manufar talakan ƙasar da aka mamaye idan ya daina fita zaɓe. Masu bin sawun Elie Kedourie (1992), wanda ya ce mulkin wakilci baƙo ne a al'adar siyasar Larabawa, suna ganin Iraƙi ta gaskata shi: sama da kashi 70 cikin ɗari sun kaɗa ƙuri'a a Disamban 2005, a 2018 kuwa ko kashi 45 ba a kai ba. A ganina sun karanta alƙaluman a baibai.

Mu tuna wanda ya fara matsa lamba a yi zaɓe. A watan Yunin 2003 Ayatullahi Ali Sistani ya ba da fatawa daga Najaf cewa zaɓaɓɓu ne kaɗai za su rubuta tsarin mulki. Paul Bremer, kantoman da Amurka ta naɗa bayan ta mamaye Iraƙi, ya so a bi ta hanyar wakilan da aka tace, sai dubban mutane suka cika titunan Basra da Bagadaza a Janairun 2004 suna neman ƙuri'a kai tsaye, har shirin nasa ya rushe. Tsohuwar da ta ɗaga yatsarta mai tawada bayan ta sha layi cikin barazanar bam, ba umarnin Washington ta bi ba.

Abin da mamayar ta dasa da hannunta daban ne. Majalisar riƙon da aka naɗa a Yulin 2003 kujeru 25 gare ta: 13 na 'yan Shi'a, 5 na Larabawa 'yan Sunni, 5 na Kurdawa, sauran biyun na Turkumawa da Kiristoci. Daga nan tsarin muhasasa ya kafu, inda firaminista ɗan Shi'a ne, shugaban ƙasa Bakurde, kakakin majalisa ɗan Sunni, ma'aikatu kuma a raba wa jam'iyyu kamar naman watanda. Kowa ya ci zaɓe, kusan fuskokin nan ne za su dawo. Mutumin Basra da ke zaune kan arzikin mai, ga zafi ga ɗaukewar wuta, ruwan famfonsa ya kwantar da dubban mutane a asibiti a 2018, me ƙuri'arsa za ta sauya?

Hujjar abokan gardama mafi ƙarfi ita ce binciken Arab Barometer na 2021 zuwa 2022, inda akasarin Iraƙawan da aka tambaya suka alaƙanta dimokuraɗiyya da raunin tattalin arziki da rashin tsayar da shawara. Ba a raina wannan hujja. Sai dai dimokuraɗiyyar da ɗan shekara ashirin ya sani ita ce ta muhasasa, kuma a binciken nan dai rinjaye sun ce duk da aibinta ta fi sauran tsare-tsare. Matasan da suka yi sansani a Dandalin Tahrir na Bagadaza daga Oktoban 2019, waɗanda aka kashe ɗaruruwansu, sabuwar dokar zaɓe da hukumar zaɓe mai zaman kanta suka nema, kuma sai da Firaminista Adil Abdul Mahdi ya yi murabus.

Dole dai in taƙaita da'awata. Zanga-zangar ta Bagadaza ce da lardunan kudu masu rinjayen 'yan Shi'a. Anbar da Mosul masu rinjayen 'yan Sunni, da suka fito daga yaƙin Da'ish, ba su tashi haka ba, Kurdistan ma da nata lissafin. Abin da hujja ta tabbatar shi ne cewa a kudu da babban birni, ƙauracewa rumfar zaɓe hukunci ne a kan masu rabon kujeru. Shirun yankunan 'yan Sunni yana buƙatar nazari na daban, wanda zai faro daga rusa rundunar sojan Iraƙi a Mayun 2003.