Daga Kashin Shanu zuwa Buhun Yuriya: Tarihin Takin Shinkafa a Karaye da Rogo

Kafin buhun taki ya shigo ƙasar Karaye da Rogo, fadama ita ke ciyar da kanta. Ruwan damina ya bar laka, Fulani su sauka da shanunsu bayan girbi, manomi kuma ya kai toka da takin gida a mangala.

Tun shekarun 1920 Turawan aikin gona suka gwada wata dabara a Ibadan: a shuka ƙarara, a kife ta cikin ƙasa tana ɗanya, ta ruɓe ta zama taki. A Arewa abin bai karɓu ba, kuma ba rashin wayo ya sa ba. Damina gajera ce. Wa zai ba da gonarsa ga abin da ba a ci? Wake da gyaɗa ma, da saiwarsu ke tara sinadarin naitirojin, ba mai binne ganyensu. Harawa kuɗi ce, rago na jiranta.

Sai 1976, gwamnatin Obasanjo ta kawo shirin ciyar da ƙasa, ta karɓi sayo taki da raba shi da rangwame mai yawa. Farkon shekarun 1980 Kano ta kafa hukumar bunƙasa noma ta KNARDA da kamfanin samar da kayan noma na KASCO, malaman gona suka shiga ƙauyuka, kamfa da yuriya suka zama 'yan gida. Da aka kammala madatsar ruwan Challawa a Karaye a 1992, noman rani ya samu gindin zama. Irin shinkafa na zamani kamar Faro 44 kuwa mayunwaci ne, ba ya yi sai da taki.

Arha ta koyar da ɓarna. Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, amma idan aka watsa ta lokaci guda cikin ruwa, wani kaso ya bi iska, wani ya bi ruwa. Shi ya sa malaman gona ke cewa a raba ta: lokacin da shinkafa ke 'ya'ya, da dab da ɗaukar ciki.

An janye tallafin taki a 1997, aka maido a 1999, aka yi ta sauya salo, har yaƙin Rasha da Yukren na 2022 ya cilla farashi sama. Yanzu zamarken da ke fitowa a bakin fadama, wanda aka gwada danginsa a gonakin shinkafa na Senegal, ya cancanci a sake dubansa a matsayin takin da ake kifewa cikin ƙasa yana ɗanye. Manomi ya ware kwami ɗaya ya gwada, kuma a daina cinna wa ƙaiƙayi da tattakar shinkafa wuta.