Shekara 50 da Yi wa Jini Alama: Daga Hammersmith Zuwa Abuja

A 2026 ake cika shekara 50 da likitoci suka fara yi wa fararen ƙwayoyin jinin majiyyaci alama da sinadarin nukiliya, domin gano inda mugunya ta ɓuya a cikinsa. A shekarar ce kuma sashen likitancin nukiliya na Asibitin Koyarwa na Ibadan ke cika shekara 20. Shi da takwaransa na Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja kusan tare suka taso, da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA. Da wuya a yi wa ko ɗaya daga ciki biki.

Ciwon da aka yi dabarar dominsa ba baƙo ba ne a wajenmu. Taifot ta huda wa yaro hanji, an yi tiyata an ɗinke, sai bayan mako guda zazzaɓi ya ƙi sauka, ciki ya ɗaure. Likita ya san akwai mugunya, amma a ina? Ƙarƙashin hanta ne, ko tsakanin naɗin hanji? A da, sau da yawa sai an sake farka cikin an laluba.

Asalin dabarar ya koma ga George de Hevesy, wanda a 1923 ya bi sawun dalma mai tururin nukiliya a jikin tsiron wake, aka kuma ba shi kyautar Nobel ta 1943. An gano teknetiyam a 1937, Hal Anger ya ƙera kyamarar da ke ɗaukar tururin gama a ƙarshen shekarun 1950. A farkon shekarun 1970 aka jarraba galiyam-67 wajen neman ƙurji, sai dai hanji ne ke fitar da shi, don haka hoton ciki yakan cika da haske ko da lafiya lau.

A 1976 ne aka samu bakin zaren. John McAfee da Mathew Thakur sun gwada sinadarai masu yawa a Amurka, suka ga indiyam-111 da aka haɗa da oksin yana ratsa fatar ƙwayar jini ya maƙale a ciki. A asibitin Hammersmith na Landan kuwa, Thakur da Segal da Lavender suka gwada a jikin mutane. Hikimar ita ce ta maharbin da ya ɗaura wa karensa ƙararrawa: fararen ƙwayoyin nan dama aikinsu ne su ruga inda cuta take, likita sai ya bi su da kyamara. Shekara goma bayan haka, a 1986, A. M. Peters da abokansa, a Hammersmith ɗin dai, suka ɗauko HMPAO, sinadarin da kamfanin Amersham ya yi don hoton ƙwaƙwalwa, suka shigar da teknetiyam-99m cikin ƙwayoyin da shi. Ya fi arha, hotonsa ya fi fita.

Ga yadda aikin yake. A zuƙi jini kamar mililita 50 a sirinji, a kafa shi tsaye har jajayen ƙwayoyi su kwanta, a kwashe fararen, a jiƙa su da sinadarin, a wanke, a mayar wa mai su ta jijiya. Awa biyu zuwa uku ke nan a ɗaki mai tsananin tsabta, kuma in aka yi kuskure aka ɗura wa wani jinin wani, an jawo bala'i. Hanta da saifa da ɓargo dole su yi haske. Hasken da ya fito a wani wuri shi ake nema. In da teknetiyam aka yi, sai a gaggauta ɗaukar hoton ciki, don bayan 'yan awoyi shi ma yakan fara zuba cikin hanji.

To me ya sa ba a jin labarin gwajin nan a garuruwanmu? Wasu na cewa na'urar CT ce ta kashe masa kasuwa. Suna da gaskiya rabi: CT na nuna ƙurji cikin mintuna, har a soka allura a tsotse mugunyar, kuma ita ce zaɓin farko a ko'ina. Amma bayan tiyata takan nuna ruwa kwance ba tare da ta tabbatar ko ya ruɓe ba, kuma a nan ne gwajin ƙwayoyin jini ke da ta cewa. Wasu kuma su ce talauci. Wannan amsa ce ta raggo, domin kyamarar gama ba ta kai wasu injinan da gwamnatocinmu ke saye tsada ba.

Ni dai agogo nake zargi. Ƙarfin teknetiyam-99m yana raguwa da rabi duk awa 6. Ana tatso shi ne daga molibdenam-99, wanda shi ma rabinsa ke tafiya duk awa 66, wato bayan mako guda abin da ya rage kusan kashi ɗaya cikin shida ne. Tukwanen nukiliya ƙalilan ne ke samar da shi a duniya, irin su SAFARI-1 ta Afirka ta Kudu da ta Petten a Holan. Da ta Chalk River a Kanada ta tsaya a 2009, har asibitocin Turai da Amurka sai da suka ji a jikinsu. Tamu ta Zariya, NIRR-1, da aka kunna a 2004 da ƙarfin kilowat 30 kacal, ta bincike ce. Saboda haka duk ɗigon da za a yi amfani da shi a Abuja sai ya hawo jirgi, an biya da kuɗin waje, ya samu lasisin NNRA, hukumar da ke sa ido kan harkar nukiliya, ya wuce kwastan. Kowane dare da akwatinsa ya yi a filin jirgi, maganin zagwanyewa yake.

A Yunin 2025 bankin Afreximbank ya buɗe cibiyar lafiya ta AMCE a Abuja, da injin saikulotiron da ke samar da sinadarin hoton PET a nan gida. Ci gaba ne, amma sukarin nukiliyar da PET ke amfani da shi yana haskaka ciwon kansa da kumburi baki ɗaya, bai maye gurbin tsohon gwajin gaba ɗaya ba.

Ma'aikatar Lafiya da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ƙasa su fara da abin da ba a yanka masa kirtani: a horar da masu haɗa magungunan nukiliya, a gina musu ɗakin aikin jini, a kuma samar wa akwatin molibdenam hanyar fita daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe a ranar da ya sauka.