Sassaben zamani da kiyaye irin itatuwa a Tasawa da Mayahi

Sassaben zamani dabara ce ta renon itatuwan da suke tohowa daga tsofaffin kututturai a cikin gona, maimakon a sassabe su ƙaf kafin damina. Manomi kan duba tohon kalgo ko sabara ko gawo, ya zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi, ya datse sauran da lauje ko gatari, ya bar zaɓaɓɓun su miƙe.

Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi sosai wajen dashen itatuwa a jihar Maraɗi, akasari da irin waje kamar bedi da turare, kuma mafi yawan dashen bai rayu ba. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki da ƙungiyar SIM, ya lura cewa ƙananan ciyayin da ke warwatse a gonaki itatuwa ne masu saiwa da rai a ƙarƙashin ƙasa. Yunwar 1984 ta sa aka haɗa dabarar da rabon abinci. Da rabon ya ƙare, manoma da yawa suka sare abin da suka rena. Waɗanda suka bari kuwa suka samu itacen girki da abincin dabbobi, maƙwabta suka kwaikwaya.

Amfanin da ba a cika faɗa ba shi ne na iri. Tohon kututture uwar ce da kanta, da duk jurewarta ga fari da rairayin wurin. Gwajin da aka yi a Sadore, tashar bincike ta ICRISAT kusa da Yamai, ya nuna gawon kudancin Afirka kan yi saurin tashi da farko, amma ba ya jure rani kamar na gida. Ilimin zamani kuma ya yi tasiri ta wajen aure, inda ake aura wa magaryar gida reshen ta Indiya mai manyan ƴaƴa.

A Gulbin Kaba, wanda ya ratsa Tasawa da Mayahi, matsalar goriba ce. Yawan yankan kaba don tabarma da igiya kan hana ta tashi, kuma sai mace ta girma kusa da namiji ake samun ƴaƴa.

An ƙiyasta dabarar ta farfaɗo da hekta miliyan 5 a Nijar. Rinaudo ya samu kyautar Right Livelihood a 2018, kuma a 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta mallaka wa manomi itacen da ya rena a gonarsa.