Daren Da Alif Ya Zama Guba A Garin Camelford

Tarihinmu na wannan makon na ruwan famfo ne, a wani ƙaramin gari na Ingila da yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba.

Mu fara da abin da muka sani. Duk wanda ya taɓa wanki da ruwan rijiyar da ba ta kumfa ya san ruwa suna ya tara. Ka goga sabulu har hannu ya gaji, sai wani farin dauɗa yana yawo a saman bokiti, butar shayi kuma cikinta ya yi ɓawo fari. Dalili shi ne ruwan ya ratso ta cikin duwatsu masu farar ƙasa, ya kwaso sinadaran kalsiyam da magnesiyam. Masana na kiransa ruwa mai tauri, kuma irinsa ne mutanen Landan ke sha. Tun 1841 wani malamin kimiyya, Thomas Clark, ya fito da dabarar rage wannan tauri. To amma ruwan nan da muke tsaki a kansa yana da wani alheri a ɓoye: ɓawon da yake yi wa buta shi yake yi wa cikin bututu, sai ya zame wa ƙarfen kariya. Ruwa mai laushi kuwa, wanda sabulu ke so, idan yana da ɗan tsami to a hankali yake cin bututu.

Camelford yana yankin Cornwall ne, a kudu maso yammacin Ingila, kuma ruwansa mai laushi ne. Daga tsaunin Bodmin Moor yake gangarowa, yana zuwa da ɗan tsami da launi. Don haka a matatar Lowermoor ake zuba masa alif ya kwantar da dauɗa, a sa farar ƙasa ta kashe tsamin. E, alif dai, ɗan uwan wanda iyayenmu mata ke kaɗawa a randa idan ruwan gulbi ya yi jawur da damina. Su nasu narkakke ne, a tanka ake kawo shi. Matatar na shayar da mutum kusan 20,000 na garin da ƙauyukan kewaye, ban da baƙi masu zuwa hutun bazara.

Ranar 6 ga Yuli, 1988, wani direba ya iso Lowermoor da tan 20 na alif. Ba shi ne ya saba kawowa ba, canjin wani ya yi. Bai tarar da kowa a matatar ba. Mabuɗin da aka ba shi yana buɗe kusan kowane kwaɗo na hukumar, kwatancen da aka yi masa kuma bai wuce cewa tankin yana hannun hagu ba. Ya ɗaga wani murfi, ya juye kayansa, ya kama hanya. Ashe ba tankin ajiyar alif ba ne. Tankin ruwan da aka gama tacewa ne, wanda daga shi sai gidajen mutane.

Kafin gari ya waye wayar hukumar ruwa ta South West Water Authority ta ɗauki zafi. Wani ya ce ruwan na manne masa a fata, wani ya ce madara ta tsinke a shayinsa. Alif mai yawa haka yana mayar da ruwa tsami ƙwarai, kuma tsamin ya bi bututu yana kankare tagulla da dalma yana kai wa mutane a kofi. Akwai waɗanda gashinsu ya koma shuɗi ko kore bayan wanka, aikin tagulla ke nan. Sai gyambon baki, amai, gudawa, ƙuraje da ciwon gaɓoɓi. Ƙa'idar Turai ta lokacin ita ce alminiyam kada ya wuce maikurogiram 200 a lita ɗaya. A wasu gwaje-gwajen an samu ya ninka haka kusan sau 3,000.

Nan ne inda labarin ya fi ci mana rai. Kuskuren direba kuskure ne na awa ɗaya, kowa na iya faɗa masa idan aka tura shi wurin da bai sani ba, babu mai nuna masa hanya. Abin da hukumar ta yi daga baya kuwa da idonta biyu ta yi shi. Ta ce wa jama'a ruwan ba shi da illa, har aka ba wasu shawarar su gauraya shi da ruwan lemu don ɗanɗanon ya ɓuya. Ta buɗe bututai ta kwarara gurɓataccen ruwan cikin kogi, kifi kusan 60,000 suka mutu. Cikin kwana biyu ma'aikata suka gano tankin alif bai ƙaru ba alhali an kawo kaya, wato sun san abin da ya faru. Amma sai bayan kwana 16 aka gaya wa masu shan ruwan. A tsawon kwanakin nan uwa na dama wa jaririnta madara da shi.

Mutanen garin da yawa sun yi zargin cewa shirun yana da nasaba da shirin sayar da hukumomin ruwa ga 'yan kasuwa, wanda gwamnatin Margaret Thatcher ta kammala a 1989. Zargi ne, amma mun ga dalilin da ya sa ya zauna a zukatansu.

Sauran tarihin na kwamitoci ne da kotuna. Kwamitin da Barbara Clayton ta jagoranta ya fitar da rahoto a 1989 da 1991, ya ce da wuya a samu illa mai ɗorewa, ya kuma danganta wasu koke-koken da fargaba. Ku auna yadda mutumin da ya fara mantuwa zai ji idan aka ce masa tsoro ne kawai ke damunsa. A 1991 kotu a Exeter ta ci hukumar tarar fam 10,000, da fam 25,000 na kuɗin shari'a. Idan muka raba tarar a kan mutum 20,000, rabin fam ke nan kowane kai. A 1994 mutum 148 suka karɓi diyyar da jimillarta ta kai wajen fam 400,000 ta hanyar sulhu a wajen kotu.

Sai a 2004 wata mata da ke zaune a yankin lokacin abin ta rasu da wata cutar ƙwaƙwalwa da ba a cika gani ba, aka kuma samu alminiyam mai yawa a ƙwaƙwalwarta. A 2012 jami'in binciken musabbabin mutuwa ya ce akwai yiwuwar ruwan 1988 ya taimaka wajen ajalinta, ko da yake bai iya tabbatarwa ba, ya kuma zargi hukumar da yin caca da rayukan mutum 20,000. Shekara guda bayan haka wani kwamitin masana ya sake cewa da wuya ruwan ya bar illa mai ɗorewa, amma ya nemi a ƙara bincike. Har yau maganar ba ta zama ɗaya tsakanin masana da mutanen garin ba.

A watan Satumba na 2013 gwamnatin Birtaniya ta fito ta nemi gafarar mutanen Camelford. Shekara 25 ke nan da ranar da aka juye tankar, jariran da aka dama wa madara da ruwan wasunsu har sun yi nasu 'ya'yan.