Daga Wuri zuwa Sefa: Labarin Canjin Kuɗi a Ƙasar Gumel

Ya ku 'yan makaranta, wanda duk ya taɓa cin kasuwar Maigatari ran Alhamis ya ga 'yan canji zaune da damin takardun kuɗi, naira a hannun dama, sefa a hannun hagu. Yawancinku kuna tsammani wannan sana'a Turawa suka kawo ta sa'ad da suka ja iyaka. Ba haka ba ne. Ƙasar Gumel ta daɗe tana bakin iyakar kuɗi iri biyu, tun ba a san Bature ba.

A zamanin dā Gumel tana bin Barno, ga ta kuwa a kan hanyar fatake masu tasowa daga Kano zuwa Kukawa. A Kano da wuri ake ciniki. A Barno kuwa an daɗe ana ciniki da gabaga, watau ƙyallen saƙi, wuri bai shiga can sosai ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 19. Bisa waɗannan duka akwai dalar azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Taresa, wadda duk aka buga bayan rasuwarta, 1780 ake rubutawa a jikinta.

Cikin watan Maris na shekara ta 1851 wani Bajamushe matafiyi, Dokta Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya sauka Gumel, ya tarar da babbar kasuwar kanwa. Shi ya rubuta mana abin da ya gani na sha'anin kuɗi a wannan hanya. A Kano dala guda wuri 2,500 ce. A Kukawa kuwa ba ta da tsayayyen farashi: wata rana ta kai wuri 3,200, wata rana ta faɗo wajen rabin haka, gama manyan gari sukan ɓoye wuri ko su zuba shi kasuwa gwargwadon bukatarsu. To, ku ɗauki allo ku lissafa. Falke mai dala goma, in ya haƙura bai canja a Kano ba, ya kuwa dace da rana mai kyau a Kukawa, ya sami ƙarin wuri 7,000. In bai dace ba, ya yi asarar da ta fi wannan.

Wahalar ba ta tsaya nan ba. Barth ya ce baƙo mai son hatsi a Kukawa sai ya canja dalarsa ya karɓi wuri, ya sayi riga da wurin, sa'an nan ya ba manomi rigar, domin mutumin ƙauye ba ya karɓar wuri, dala ma da wuya ya karɓa. A kowane mataki kuwa akwai mai cin riba a kansa. Ga kuma nauyi. Keso guda, watau wuri 20,000, kayan ƙato ne sosai, amma dala takwas kaɗai ke nan, abin da mutum zai ƙulle a bakin rawaninsa. Don haka falke mai wayo yakan juya wurinsa ya zama azurfa, ko tufa, ko kanwa, kafin ya ɗaura wa jaki mangala.

Daga baya jiragen 'yan kasuwan Turai suka yi ta jibgo wuri daga wajen Zanzibar har ya yi arha ƙwarai, wanda ya tara shi a rumbu ya wayi gari dukiyarsa ta zube ba ɓarawo. Cikin 1904 Gwamnatin Ingilishi ta hana shigo da shi Nijeriya ta Arewa, aka kawo sule da sisi da taro da kwabo da anini. Tsakanin 1906 da 1908 aka kafa alamun iyaka da ƙasar Faransa, Maigatari ta zama bakin iyaka, mutanen Dungas da Magarya da Damagaram suka koma ga tamma. Jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru ya bi ta Gagarawa, kuɗin gyaɗa ya yi ta zuwa. Sefa ta fito cikin 1945, naira cikin 1973, aka ba da naira biyu a kan fam guda.

Sau biyu a zamanin iyayenmu masu ajiyar kuɗin wata ƙasa suka ji jiki. Cikin Afrilu 1984 Gwamnatin Janar Buhari ta sake launin naira, ta rufe iyaka, ta ba da kwanaki kaɗan a canja. Mutanen ƙetare da yawa da suka sayar da shanu da raƙuma suka adana naira, sai ga ta ta zama takarda kawai. Cikin Janairu 1994 kuma aka rage darajar sefa da rabi dare ɗaya. A ganinmu wannan da labarin mai wuri a rumbu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Akwai wani tarko wanda ya fi kama ɗan makaranta, mai ganin ya iya lissafi. Sunayen dā ba su mutu ba, ma'anarsu ce ta rabu a bakin iyaka. A Nijar in an ce dala, ana nufin tamma biyar. Saboda haka dala ashirin sefa 100 ke nan, jaka kuwa sefa 1,000. A wajenmu jaka fam 100 ce a dā, watau naira 200. Yaro daga Sule Tankarkar ya ji an ce masa dala ɗari, ya ƙirga sefa 100 ya miƙa, mai kaya ya dube shi ya yi dariya, gama 500 yake nufi. Fataken da muka sani ba su miƙa wa ɗan canji kuɗi sai sun tambayi mutum biyu ko uku yadda kasuwa ta kwana, sun ji da wane ƙidaya ake magana, sa'an nan su ƙirga abin da aka ba su a gabansa. Ba su kuma canja fiye da abin da zai kai su Damagaram ya komo da su.