Gidauniyar Tunawa da Mayaƙan Saman Ingila

A Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar jiragen Ingila masu jefa bom ta yi asarar mutum 55,573 daga cikin kimanin 125,000 da suka yi aiki a jiragenta. Ke nan kusan rabinsu ba su komo gida ba. Amma da aka ci Jamus a 1945, Firayim Minista Churchill bai ko ambaci rundunar ba cikin jawabinsa na nasara. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. A watan Fabrairun wannan shekara jiragenta, tare da na Amurka, sun ƙone birnin Dresden, inda mutane wajen 25,000 suka halaka, galibinsu farar hula. Hukuma ce ta ba da umurni, amma samarin da ta aika su aka bari da ɗaukar abin kunyar.

Saboda haka, da aka tashi gina abin tunawa da su a Landan, ba baitulmali aka dogara da shi ba. Tsofaffin mayaƙan da suka rage suka buɗe gidauniya, mawaƙi Robin Gibb ya shige gaba, attajirai irin su John Caudwell suka ba da kaso mai tsoka, talakawa suka yi karo-karo, har aka tara kimanin fam miliyan 6.

Sarauniya Elizabeth ta buɗe ginin ranar 28 ga Yuni, 2012, shekara 67 bayan yaƙin. A cikinsa akwai mutum-mutumi bakwai na tagulla, ma'aikatan jirgi ɗaya sun sauko a gajiye. Rubutun da ke jikin ginin kuwa ya haɗa har da mutanen kowace ƙasa da ruwan bama-bamai ya kashe.